Ka Shiga Ta Ƙofa: Mai Bi da Takardun Baƙunci

Karatun wannan mako: Farawa 12:10-20, Farawa 47:1-6, Littafin Ƙidaya 20:14-21, Nehemiya 2:1-9, 1 Bitrus 2:11-17

 

Kwanakin baya wata wasiƙa ta iso mana daga wani saurayi, ɗan wata ikilisiya a ƙasar Damagaram, wanda yanzu yana Turai. Ba za mu faɗi sunansa ba, amma ya yarda mu yi magana a kan damuwarsa domin amfanin wasu. Ya shiga da bizar ziyara ta kwana 90, saura masa mako uku. Abokansa da suka riga shi zuwa sun ba shi shawara ya je ya nemi mafaka, ya ce an kashe mahaifinsa lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015, kuma idan ya koma shi ma za a kashe shi. Roƙonsa shi ne mu rubuta masa takardar shaida, mu buga mata hatimi. Amma mahaifin nan nasa yana nan da ransa, yana noman geronsa, shi ne ma ya sayar da shanu biyu aka biya kuɗin jirgi. A ƙarshen wasiƙar yaron ya ce, "Baba Fasto, ai ba na cutar kowa. Takarda ce kawai."

Mun daɗe muna addu'a a kan wannan wasiƙa, gama mun san ba shi kaɗai ba ne. Bari mu duba tare abin da Maganar Allah take koya mana game da baƙo da takardunsa.

Mu fara sanin takardun

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu suna faɗawa cikin wahala don rashin sani kawai. Fasfo takarda ce ta ƙasarka, tana shaida ko kai wane ne. Biza kuwa izini ne daga ƙasar da kake so ka je, tana faɗin dalilin zuwanka da tsawon kwanakin da aka yarda maka. Takardar zama daban ce, ita ce ake ba wanda zai daɗe, izinin aiki kuma sau da yawa wani abu ne daban. Wanda ya shiga da bizar ziyara ya kama aiki, ya karya sharaɗin da ya sa wa hannu, ko da kwanakinsa ba su ƙare ba.

A nan Afirka ta Yamma, yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya mai kyau da katin rigakafi. Bayan kwana 90 sai ya je wurin hukuma ya nemi izinin ci gaba da zama. Mutane da yawa sun riƙe rabin farko na dokar, sun manta da rabi na biyu. Kamaru da Chadi kuwa ba sa cikin CEDEAO, tasu ƙungiyar ita ce CEMAC, don haka kada mai tafiya ya ɗauka doka ɗaya ce ko'ina. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, tun daga 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rai, sai dai a adana katin da kyau.

A ƙasashen Turai masu biza ɗaya da ake kira Shengen, bizar ziyara ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. A watan Yuni na 2024 aka mai da kuɗin nemanta yuro 90, wato kusan sefa dubu 59, kuma ko an hana ka ba a mayar da kuɗin. A Amurka, bisa ga dokar 1996, wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 180 sa'an nan ya fita, za a hana shi komawa shekara 3. Idan ya zarce da shekara guda ko fiye, hanin shekara 10 ne.

Dokokin nan kuma suna sākewa. A ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO, ko da yake a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanensu har sai an ba da wata sanarwa. A watan Yuni na 2025 Amurka ta rufe ƙofarta ga 'yan ƙasashe 12, har da Chadi da Sudan. Saboda haka abin da ƙanen babanka ya yi ya wuce shekara goma baya, mai yiwuwa yau ba ya aiki. Matambayi ba ya ɓata. Ka je ofishin jakadanci ko na shige da fice da ƙafarka ka tambaya, kada ka dogara ga hirar tashar mota.

Tsofaffinmu sun san abin da rashin takarda yake jawowa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fita. Mutanen da suka yi shekaru a zangunan Kumasi da Akra, waɗansu ma a can aka haife su, suka bar gidaje da shaguna suka hau manyan motoci. A watan Janairu na 1983 Nijeriya ta yi irin wannan, mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita, cikinsu da 'yan Ghana, da 'yan Nijar, da 'yan Chadi, da 'yan Kamaru. Shekara da shekaru ba wanda ya tambaye su takarda, sai rana ɗaya aka tambaya.

Mutanen Allah a bakin iyaka

Wani zai ce ai waɗannan abubuwan zamani ne, Littafi Mai Tsarki bai san biza ba. Bari mu buɗe mu gani.

A Farawa sura 47, yunwa ta kori Yakubu da iyalinsa daga Kan'ana zuwa Masar. Yusufu shi ne na biyu a ƙasar, da ya ga dama sai ya ɓoye su a wani lungu, ba mai cewa uffan. Amma ya ɗauki biyar daga cikin 'yan'uwansa ya kai su gaban Fir'auna. Fir'auna ya tambaye su sana'arsu. Masarawa kuwa suna ƙyamar makiyaya, duk da haka suka faɗi gaskiya, cewa su makiyaya ne kaka da kakanni. Suka faɗi abin da ya kawo su, wato yunwa da rashin makiyaya. Suka roƙi wurin zama a Goshen. Sana'a, da dalilin zuwa, da wurin sauka: waɗannan su ne tambayoyin da ake yi har yau a ofishin jakadanci. Gaskiyar da suka faɗa ba ta rage su da kome ba. Fir'auna ya ba su wuri mafi kyau a ƙasar, har ya ce a sa gwanayensu su lura da dabbobinsa.

Nehemiya kuma mai shayar da sarki Artashate ne a Shushan. Da zuciyarsa ta ƙuna saboda garun Urushalima da ya rushe, bai tsere da dare ba, ko da yake aikin Allah zai je yi. Ya yi addu'a ga Allah na Sama, sa'an nan ya roƙi izini. Sarki ya tambaye shi tsawon tafiyar da lokacin dawowarsa, ya kuwa yanke wa'adi. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin hayin Kogin Yufiretis domin su bar shi ya wuce. Ka lura, ɗan'uwana, addu'a da takarda tare suka tafi. Nehemiya bai ce tun da Allah yana tare da shi ba ya bukatar wasiƙa ba. Da aka ba shi wasiƙun ma, cewa ya yi hannun alheri na Allahnsa ne ya sa aka ba shi.

Amma ba kullum ake cewa to ba. A Littafin Ƙidaya sura 20, Musa ya aiki manzanni daga Kadesh zuwa wurin sarkin Edom, yana roƙon izinin ratsawa kawai. Ya yi alkawari ba za su shiga gona ko gonar inabi ba, za su bi babbar hanyar sarki, idan ma dabbobinsu sun sha ruwa za su biya. Roƙon mai kyau ne, Edomawa kuma 'yan'uwansu ne, zuriyar Isuwa. Sarkin Edom ya ƙi, har ya fito da mayaƙa. Me Musa ya yi? Ya juya da jama'a suka kewaye. Hanyar ta yi tsawo, mutane suka gaji har suka yi gunaguni, amma Allah ya kai su inda ya alkawarta. Hanin Edom bai soke alkawarin Allah ba.

Wannan magana ce ga kai da aka hana ka biza, kuɗinka ya tafi, abokai suna yi maka dariya. Da zafi, mun sani. Amma a daidai wannan lokaci ne masu safarar mutane suke zuwa da daɗin baki, su ce akwai wata hanya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Talakawa ne masu neman abinci, ba mu hukunta su ba, muna kuka ne dominsu. Amma muna roƙonka, idan ƙofa ta rufu, ka koma ga Ubangiji ka tambaye shi abin da yake nufi kafin ka ba hamada ko teku ranka.

Abin da tsoro ya jawo wa Ibrahim

Yanzu mu zo ga maganar "takarda ce kawai". A Farawa sura 12, Ibrahim, tun ana kiransa Abram, ya gangara Masar saboda yunwa. Da ya kusa iyaka tsoro ya kama shi. Ya ce wa Saratu ta ce ita 'yar'uwarsa ce, kada a kashe shi saboda kyanta. Maganar ma tana da rabin gaskiya, gama ubansu ɗaya. Da fari dabarar ta yi kamar ta ci: aka ba shi tumaki, da shanu, da jakuna, da raƙuma, da barori. Amma matarsa tana gidan Fir'auna. Wace riba ce wannan? Sai da Allah ya aukar wa gidan Fir'auna da annoba kafin Saratu ta kuɓuta. Sarkin da bai san Ubangiji ba ya kira mutumin Allah ya tsawata masa a kan ƙarya, ya sa mutanensa suka raka shi har waje. Da bakin yau sai mu ce an kore shi daga ƙasar.

Ibrahim yana da alkawarin Allah a hannunsa, amma a bakin iyakar Masar ya ga kamar alkawarin ba zai iya tsallake iyaka tare da shi ba, sai ya nemi taimakon ƙarya. Haka yake ga mai bi da ya rage shekarunsa a fasfo, ko ya ari takardar wani yana aiki da sunan da ba nasa ba, ko ya yi auren takarda da matar da ba ya nufin zama da ita alhali yana da mata a gida, ko ya sayi takardar banki ta jabu. A zuciyarsa yana cewa Allah ba zai iya ciyar da shi ta hanyar gaskiya ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yau ana ɗaukar zanen yatsu da hoto a ajiye cikin kwamfuta, sunan da ka bayar a wannan ofishi zai bi ka zuwa wancan. Ko da ba a kama ka ba, dole ka riƙa tuna ƙaryar kowace rana, ka koya wa matarka, ka koya wa 'ya'yanka su kira ka da sunan wani. Da wane baki za ka ba maƙwabcinka labarin Yesu wanda shi ne gaskiya? Manzo Bitrus ya rubuta wa masu bi da suka warwatsu a ƙasashe, ya kira su baƙi da matafiya, ya gargaɗe su su yi zaman kirki a cikin al'ummai, su yi biyayya ga hukuma saboda Ubangiji, domin kyakkyawan aikinsu ya toshe bakin masu zarginsu. Hukuma tana da iyakarta. Idan ta ce ka yi musun Almasihu, Allah za ka bi, kamar yadda manzanni suka yi a gaban majalisa. Amma cewa ka sabunta takardar zamanka bai hana ka bin Allah ba.

Gudun hijira na gaskiya

Kada wani ya ji mu a karkace. Akwai masu gudu na gaskiya, gudunsu kuwa ba abin kunya ba ne. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu da dare suka gudu Masar daga takobin Hirudus. 'Yan'uwanmu da rikicin Boko Haram ya kora zuwa Diffa, da sansanin Minawao a arewacin Kamaru, da waɗanda yaƙin Sudan na 2023 ya kora zuwa gabashin Chadi, ba su tsaya neman biza ba, ba wanda zai ce sun yi zunubi. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta hana a mayar da ɗan gudun hijira wurin da ransa yake cikin haɗari. Idan halinka ke nan, ka je ka faɗi labarinka yadda yake, kada ka ƙara, kada ka rage.

Wannan ne ya sa maganar yaron nan cewa ba ya cutar kowa ba daidai ba ce. Duk labarin ƙarya da mai bincike ya gano, yakan sa ya yi shakkar wanda zai zo bayansa. Gwauruwar da aka kashe mijinta da gaske za ta zauna a kan kujerar nan tana kuka, a ce mata an sha jin irin wannan. Hatimin ikilisiya kuma, idan ya hau ƙarya sau ɗaya, ya zama abin banza har ga masu gaskiya. Waɗanda suka rasa majami'unsu da gidajensu a 2015 sun sha wuya saboda sunan Yesu, bai kamata a mai da hawayensu kayan ciniki ba.

Ga wanda kwanakinsa sun riga sun wuce

Wataƙila kana karanta wannan kana ɓoye, in ka hango ɗan sanda gabanka ya faɗi, mai gidan da kake yi wa aiki yana cin guminka don ya san ba ka da inda za ka kai ƙara. Ubangiji bai yashe ka ba. Shi ne ya ga Hajaratu, baƙuwa a jeji, ya nuna mata rijiya. Ka tuba daga kowace ƙarya da ka yi, sa'an nan ka nemi shawarar lauya ko ƙungiyar da ke taimakon baƙi, gama ƙasashe da dama suna da hanyar gyara takardu. Idan fasfonka ya ɓace, ofishin jakadancin ƙasarka yana iya ba ka takardar komawa gida. Hukumar ƙaura ta duniya, wadda a Nijar aka fi sani da OIM, tana taimakon masu son komawa da yardar kansu. Komawa hannu wofi da nauyi, amma iyayenka sun fi son ganinka da rai. Ku kuma iyaye, kada ku sa wa yaran nan nauyin da zai hana su dawowa don kunya.

Ikilisiya ma tana da nata aiki. A Littafin Firistoci 19:33-34 Allah ya umarci Isra'ila kada su zalunci baƙo, su ƙaunace shi kamar kansu, su tuna su ma sun yi baƙunci a Masar. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Idan baƙo ya shigo sujada, bayan an yi masa maraba, wani dattijo ya ja shi gefe ya tambaye shi cikin ƙauna yadda takardunsa suke. Wanda ya iya Faransanci ko Turanci ya taimake shi cika takarda, wani ya raka shi ofis. Baikon da za a tara a biya wa ɗan'uwa kuɗin katin zama, hidima ce ga Ubangiji.

Ku 'yan'uwa masu kaki, 'yan sanda, da jandarma, da ma'aikatan kan iyaka, ba a manta da ku ba. Kowa ya san akwai shingen da ko takardunka sun cika sai ka ba da wani abu. Yahaya Mai Baftisma ya faɗa wa masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da ƙa'ida, ya faɗa wa sojoji kada su yi ƙwace ko ƙazafi, albashinsu ya ishe su (Luka 3:12-14). Bari shingen da mai bi yake tsaro ya zama wurin da talaka zai wuce da mutuncinsa. Kai kuma matafiyi, sanin haƙƙinka ba girman kai ba ne. Bulus ya faɗi cewa shi ɗan ƙasar Roma ne sa'ad da aka ɗaure shi za a yi masa bulala, nan take aka janye.

Ƙasar da muke nufa

Sa'ad da Fir'auna ya tambayi Yakubu shekarunsa, tsohon ya ce 130, ya kira su shekarun baƙuncinsa. Dukanmu haka muke. Ko kana zaune a garin da aka binne cibiyarka, kwanakinka ƙidayayyu ne, ba ka kuwa san ranar da wa'adin zai cika ba. Bulus ya tuna wa Filibiyawa cewa ainihin ƙasarmu tana sama. Wahayin Yahaya sura 21 ta ce masu shiga birnin nan su ne waɗanda aka rubuta sunayensu a littafin rai na Ɗan Rago, mai aikata ƙarya kuwa ba zai shiga ba. A can ba dillali, ba cin hanci, ba aron sunan wani. Yesu ya ce shi ne ƙofa, ya kuwa riga ya biya kuɗin shigar da jininsa a kan gicciye. Abin da ya rage shi ne ka zo da sunanka na gaskiya da zunubanka na gaskiya, ka ba da gaskiya gare shi. Mutane suna kwana a layi saboda bizar kwana 90. Kai fa, ka tabbata sunanka yana cikin wancan littafi?

Mun amsa wa saurayin nan cewa ba za mu rubuta takardar ba. Mun faɗa masa muna ƙaunarsa, mun shawarce shi ya nemi lauya ya ji ko akwai halattacciyar hanyar zama, idan babu ya dawo kafin kwanakinsa su cika, domin ƙofa ta zauna a buɗe gare shi wata rana. Har yanzu ba mu sami amsarsa ba. Muna roƙonku ku sa shi a addu'a.

Addu'a: Ya Ubanmu na Sama, kai ne mai kiyaye baƙi. Ka tuna da 'ya'yanka da suke warwatse a ƙasashe. Ka gafarta mana inda tsoro ya sa muka yi ƙarya. Ka ba mu zuciyar faɗin gaskiya a gaban hukuma, da haƙuri sa'ad da aka hana mu. Ka buɗe hanya ga marasa takarda, ka ta'azantar da 'yan gudun hijira, ka sa tsoronka a zuciyar masu tsaron iyaka. Ka kiyaye fitarmu da shigarmu har ranar da za mu iso gida wurinka. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:14

Domin tunani da tattaunawa:
1. Akwai abin da ke rubuce a takardunka wanda ka san ba gaskiya ba ne? Wane mataki za ka ɗauka a wannan mako?
2. Me halin Musa a gaban sarkin Edom yake koya maka game da ƙofar da ta rufu?
3. Su wane ne baƙi a ikilisiyarku, wa kuma yake lura da bukatunsu?